Ƙararrawar Minti Biyar

Ran zama na ɗari, marubutan unguwa suka dage sai Malama, mai jagorantar zaman, ita ma ta karanta nata.

Shekara takwas da 'yan watanni ke nan tana tara su a ɗakin karatun unguwa duk ƙarshen wata, da doka ɗaya tak: kana cika minti biyar, ta kaɗa maka ƙararrawa. Ba ta ɗaga wa kowa ƙafa. Littattafanta bakwai, amma ba ta taɓa karanta musu ko layi ɗaya ba.

"To, wa zai riƙe ƙararrawar?" ta tambaya.

Tsohon malamin lissafi, mai dogayen waƙoƙin da ta fi katsewa, ya miƙe zumbur.

"Kawo, Malama. Yau zan rama."

Aka kwashe da dariya. Ta buɗe sabon labarinta, ta fara, kunnenta na wajen ƙararrawa. Ɗakin ya yi tsit har ta kai ƙarshe. Ta duba agogo, minti arba'in.

"Malam, barci ka yi?"

"Ni? Wallahi tun ɗazu nake kaɗawa."

Ya ɗaga ƙararrawar ya girgiza. Shiru kake ji. Bakin hankicinsa na leƙowa daga cikinta.