Injin da Aka Hana Numfashi

Lambar da ma'aunin ƙarfin inji ya nuna ta sanyaya wa Tsoho jiki. Shekara ashirin da shida yana haɗa injina a wannan ma'aikata, yau ga aikinsa ya rataya a kan lissafin Injiniya, ɗan gayun da hatta hankicinsa sai da matarsa ta ɗinka masa suna da jan zare.

Ga shi kuwa yau Injiniya ya riga kowa zuwa ɗakin gwaji, shi da ko ranar albashi ba ya sammako. Har Manaja ya yaba.

Injiniya ya tsaya gaban allo yana bayani kamar shi ya ƙirƙiro iska. "Ranka ya daɗe, injin lita biyu ne, yana juyi dubu uku a minti. Sai ya juya sau biyu yake shaƙa sau ɗaya, don haka ya kamata ya sha iska kusan lita dubu uku. Ma'aunin iska ya ce dubu ɗaya da ɗari biyar. Rabi ke nan. Injin kirki ba ya kasa kashi tamanin."

Ya share gumi da hannun riga, ya ɗora da cewa tsufa ba laifi ba ne, amma hannu kan gaji. Tausayi ne ya cika shi, bawan Allah. Kowa dai ya san ƙanin matarsa ya gama koyon kanikanci, yana gida yana jiran gurbi.

Ran Tsoho ya ɓaci. Jiya da hannunsa ya daidaita bawul masu buɗe wa iska hanya, ya sa sabuwar matatar iska, injin na numfashi kamar jariri mai barci.

Manaja ya ce wa Tsoho ya ajiye makullan ma'aikata, ya tafi gida.

"Zan ajiye, ranka ya daɗe. A bar ni in kwance bututun iskan nan tukuna."

Injiniya ya ce babu lokaci, ai lissafi ba ya ƙarya. Manaja ya dubi agogo, ya ba da minti biyar.

Biyu suka ishi Tsoho. Ya zura yatsu, ya jawo wani abu da aka cusa can ciki, ya warware shi a kan tebur.

"Ga rabin iskar, ranka ya daɗe," in ji shi, yana shafa jan zaren don Manaja ya karanta sunan da kyau.