Kitson Baba

Kitson ya sake warwarewa a hannunsa. Yatsun da suka saba da sifana da baƙin mai sun kasa riƙe gashin 'yarsa. Bayansa ya ƙage, ga shi gobe akwai makaranta.

Da can yakan dawo daga gareji ya tarar da yarinyar tsakanin gwiwoyin uwarta tana kuka, ya ce, "Haba, ki sassauta mata mana." Tunda uwar ta rasu kujerar ta zama tasa, yana lallaɓa kan kamar ƙwai.

"Baba, ka ja da ƙarfi," in ji yarinyar, ba ta ko waiwayo ba.

"Zai yi miki zafi fa."

"Na sani. Haka na Mama yake."