Zoben Mai Ciyar da Zakin Teku

Nermin ta tarar da Ramzi a bakin tafkin zakunan teku na gidan namun dajin Alƙahira, riƙe da bokitin kifi. Sati uku ke nan da mahaifinta ya ce ko Ramzi ya bar wannan aiki mai ƙarni, ko a fasa auren.

Idonta ya sauka a hannunsa na dama, inda kowane mai baiko yake sa zobensa. Babu komai.

"Ashe har ka cire," ta ce. "Sannu da ƙoƙari."

Ramzi ya kalli yatsan, ya kalle ta. Ya ajiye bokitin, ya zaro wani zare daga wuyansa. Zoben na lilo a jiki.

"Waccan 'yar ƙwadayin," ya nuna wata zakanyar teku mai ihu, "komai mai ƙyalli cafka take yi. Ta ci yatsana ma na yafe, amma ban da wannan." Ya sunkuyar da kai. "Nermin, aikin nan ba zan iya barinsa ba. In zoben kika zo karɓa..."

"Yi min shiru, sarkin kifi."

Ta tsinke zaren. Ya miƙo hannun dama a sanyaye, ta ture shi, ta kamo na hagu, na masu aure, duk ƙarninsa.

"Jiya Baba ya zo a ɓoye, ya ga yadda kake lallashin zakanyar nan ta ci abinci. Ya amince, ya ce bayan Sallah." Ta zura masa zoben. "Gwadawa nake, kada ranar aure ya ƙi shiga."