Kwale-kwalen da ke Karkata Hagu

Karo na uku ke nan na mayar wa kafinta kwale-kwalen.

Na ce, "Jibi ne gasar dam ɗin Bakolori, abin nan har yanzu hagu yake karkata. An ba tsofaffi rata, amma me rata za ta yi wa mai zagaye wuri ɗaya?"

Ni na zaɓi katakon, na sa aka fere gindin. Kafintan ya karɓi filafili ya tuƙa, jirgin ya miƙe sambal.

Ya dawo kansa a ƙasa. "Baba, jirgi lafiya lau. Kai ne ke tuƙi ta dama kaɗai."

Shekara arba'in gefen hagu na ƙanena ne. Bara muka binne shi a Maradun. Har yau hannuna yana bar masa gefensa.