Mai Rai a Ƙarƙashin Kwano

Kwana huɗu bayan zaftarewar ƙasar da ta binne ƙauyen, karen ceto ya daina cin abinci.

Jami'in da ke kula da shi ya zo ya durƙusa gaban wata tsohuwa da ke zaune a kan kututturen kwakwa. Ita kaɗai ta rage a gidansu. Mijinta da jikokinta biyu suna cikin laka.

"Kaka, alfarma na zo nema. Karen nan jinsin Labrado ne, a gidana ya girma, 'ya'yana har hawansa suke kamar doki. Masu rai aka koya masa nemowa, ga shi sai gawa yake tonowa. Zuciyarsa ta karye. Ko za ki ɓuya, ya samu ko da mutum ɗaya?"

"Ɗan nan, da furfurata zan yi wasan ɓuya da kare?" Amma ta miƙe.

Ta kwanta a ƙarƙashin wani kwanon rufi, aka lulluɓe da ganyen ayaba. Wurin da duhu da sanyi, sai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ta lumshe ido, ta yi fatan a manta da ita a nan, kusa da nata.

Can sai ga haushi, ga farata suna kartar kwano. Haske ya shigo, hanci mai sanyi ya taɓa kumatunta, wutsiya tana kaɗawa kamar za ta tsinke.

"Mai rai! An samu mai rai!" jami'in ya ƙwalla, yadda aka saba.

Tsohuwar ta ƙanƙame wuyan karen. Ita ma sai a lokacin labarin cewa tana da rai ya iso mata.