Filin da Teku Ta Mayar

Kafin kyaftin ya ankara, ruwa ya lashe takalman da suka kafa a matsayin raga.

Teku aka kawo su gani a Fotugal, ana gobe wasansu na ƙarshe da 'yan ƙasar. Yaran garin Garwa kuwa, da ganin yashi sai ƙwallo. A gida, in kogin Binuwai ya hau filinsu, sai bayan damina.

"Ku tattara, an tashi," in ji kyaftin. "Sai baɗi."

Da la'asar suka biyo ta wurin. Ga fili nan shimfiɗe sumul, ruwa ya janye.

Kyaftin ya daɗe yana kallo, sannan ya murmusa.

"Mutanen da ake mayar wa fili tun ba su yi kewarsa ba? Gobe za mu ci su."