Yaron Kanal

Fankar ɗakin taron ta tsaya, amma ba zafi ne ya jiƙa wa Dabo riga ba.

Soja sun koma bariki, farar hula sun hau, sai ga kwamiti daga Abuja ya sauka Katsina yana bin ma'aikatan tarayya da tambaya guda: ta wace ƙofa ka shigo? Wanda ya zauna jarrabawa, hukuma ta tantance shi, ya wuce abinsa. Wanda ya shigo ta taga kuwa, sai ya faɗi wanda ya ɗaga shi.

Dabo ta taga ya shigo, kowa ya sani. A da can ya yi yawon neman aiki har takalminsa ya buɗe baki. Kullum ya dawo gida jiki a mace, matarsa Furera ce ke kwaikwayon kiran mai kalanzir don ya yi dariya, har matan maƙwabta su leƙo da kwalabe. Ran da ya ce ya haƙura, ta zari mayafi ta tafi gidan kawunta na Ƙofar Guga, mai tarho a falo, wai za ta kai kuka. Kawun bai yi komai ba. Amma kafin mako ya zagayo, shugaban wani ofishin da ya sha yi wa zarya, Alhaji Tanko, ya aiko a kira Dabo, ya ba shi aiki har da miƙe masa tsaye. Wani Kanal ya bugo waya.

Wane Kanal? Dabo bai sani ba, bai kuma tambaya ba. Aka laƙaba masa Yaron Kanal, ya karɓa. Ya makara, ba mai tari. Ya nemi hutu, a ba shi har da addu'a.

Yau ga Alhaji Tanko gaban kwamiti, an tambaye shi sunan Kanal ɗin.

"Ranka ya daɗe, bai faɗi suna ba. Gyaran murya ya yi, irin na masu sigari, ya ce, 'Malam, kujerar nan taka da ƙusa aka kafe ta?' Wa zai tsaya tambayar soja sunanshi?"

Shugaban kwamiti ya zare tabarau ya dubi Dabo. "To kai ka san ubangidanka. Ka kawo mana sunansa ranar Litinin, ko ka aje aiki."

Dabo ya rantse bai sani ba, ɗaki ya kwashe da dariya. Abokan aikin da ya yi shekaru yana taka wa wuya su suka fi kowa ƙyaƙyatawa. In ya ƙirƙiro suna, a bincika a kama shi da ƙarya. In ya yi shiru, a ce rufa wa soja asiri yake. Gaba kura, baya siyaki.

Da la'asar ya shigo gida, ya zube kan kujerar tsakar gida, ko hula bai cire ba. Bai ba Furera labarin abin da aka faɗa a ɗakin ba, suna kawai ya ce ana nema.

"Wallahi da zan san mutumin nan, Furera, da hannuna zan miƙa shi."

Ta daɗe tana tankaɗen garinta. "Ko wane ne, Malam?"

"Ko wane ne!"

Ta aje rariya, ta kakkaɓe hannu, ta zo ta tsaya a kansa. Sai ta yi gyaran murya irin na masu sigari, wata murya mai kauri ta fito daga ƙirjinta: "Malam, kujerar nan taka da ƙusa aka kafe ta?"